Inuwar shagona ta ƙaura, ko akwai wanda ya taɓa lura da irin wannan?

Telan Zango: Salamu alaikum jama'a. Ƙofar shagona a nan Damagaram arewa take kallo. Duk lokacin ɗari bencin bakin ƙofa a inuwa yake wuni, har masu jiran ɗinki suna rawar sanyi. Amma da Mayu ya kama, sai rana ta leƙo da hantsi har kan kekena, dole in rataya tsohon zane. Ginin dai bai motsa ba. To me ya motsa?

Tsohon Mushe, Birni: Wa'alaikumus salam, ɗana. Na shekara da shekaru ina nuna wa yara wannan a filin lakwal da sanda mai tsawon mita ɗaya. A Disamba, da rana tsaka, inuwarta na miƙewa arewa wajen santimita 75. A ƙarshen Afrilu kuwa sai yara su yi ta zagaya sandar suna neman inuwa, babu, ta shige ƙarƙashinta. Daga nan inuwar kudu take komawa, sai tsakiyar Agusta ta sake ɓacewa. Dalili shi ne a karkace duniya take zagaya rana, karkatar kusan digiri 23 da rabi. A Yuni ɓangarenmu na arewa ne ke sunkuyo wa rana, a Disamba kuma na kudu. Damagaram tana wajen digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, wato ba ta kai digiri 23 da rabin nan ba, shi ya sa rana take ratsa kanmu sau biyu a shekara.

Maman Biyu: Baba Mushe, ni fa tun ina yarinya na ɗauka a bazara ranar ce ke sauko mana kusa. Zafin Afrilu ai ko randa ba ta sanyaya ruwa.

Tsohon Mushe, Birni: 'Yata, abin mamaki, farkon Janairu muka fi kusa da ita, kilomita miliyan 147, lokacin da kike hura gawayi a ɗaki. A Yuli kuma miliyan 152. Ba nisan ba ne. Hasken da ya sauko tsaye ya fi wanda ya zo a kaikaice ƙuna.

Manomin Mirya: Rana tsaye a Agusta ma? To gajimare ne ke ceton mu. Ina noman maimai a lokacin, in hadari ya janye minti goma sai ka ji ƙeya kamar an ɗora guga.

Mai Cajin Waya: Ni asara abin ya ja mini. Wanda ya kafa mini allon sola, ba zan faɗi sunansa ba, arewa ya karkata shi. Da damina lafiya lau. Ɗari na shiga, ga rana ta koma kudu, ga ƙurar hazo ta lulluɓe gilashin, kafin la'asar batir ya mutu, mutane na tsaye da wayoyinsu. Sai da na juya shi kudu, kuma kullum da safe in hau in goge.

Ɗan Sabon Gari a Faransa: Ku gode wa Allah. A gida wunin Yuni bai cika awa 13 ba, na Disamba kuma ya ɗan haura 11. Azumin 2016 a Paris na yi shi, cikin Yuni, sai kusan ƙarfe goma na dare ake shan ruwa. Inna ta kira ni sun gama asham, ni ko dabino ban taɓa ba, ta ce ƙarya nake.

Ladan: Mu kuma da rana muka duba alƙiblar sabon masallacinmu. Ran 28 ga Mayu rana na tsayawa daidai kan Ka'aba, ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijar. Duk inda ka fuskanci rana a lokacin, alƙibla ke nan. Muka tarar sahunmu ya ɗan kauce, muka gyara shimfiɗa.

Telan Zango: Na gode, Baba. Afrilu na zuwa zan kafa sanda a ƙofar shago in gani da idona.

Maman Biyu: Kafin nan dai ka gama mini atamfata, tun Sallah take wajenka.