Golf 4 mai injin dizal: gaba yana nutsewa, kuma tana ƙin bin kwana

Bakatsine:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙananan motoci masu shan dizal, musamman Volkswagen Golf 4 mai injin 1.9 TDI, irin wadda ake shigowa da ita daga Turai ta Kwatano. Na saba da Golf 3 mai shan fetur, kuma da na koma wannan sai na tarar da halayenta sun bambanta ƙwarai. Ta fuskar ja ba ni da ƙorafi idan ta ɗauki wuta, domin tana hawan tudu da giya ta huɗu ko da ta cika da mutane, sai dai a farkon tashi tana yin nauyi, sannan ta fizga gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne gabanta: idan na taka birki sai ya nutse, idan na hau tudun rage gudu sai ƙasanta ya bugi kwalta, kuma a kwana mai kaifi ina murza sitiyari amma ita tana neman miƙewa. Bakanikena ya ce a sa mata roba a saman sufirin domin a ɗaga ta, ko kuma a nemo sufirin na motar da ta fi ta girma a ɗaura. Shin wannan halin motar ne, ko kuwa lalacewa ce? Kuma ɗagawar tana da illa?

Injiniyan Motoci:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Abubuwan da ka lissafa kashi biyu ne: akwai wanda halin motar ne tun daga masana'anta, akwai kuma wanda alama ce ta cewa ƙafafunta sun gaji, kuma bai kamata a yi musu magani ɗaya ba.

Injin 1.9 TDI gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce mai kauri, domin injin dizal yana matse iska fiye da na fetur nesa ba kusa ba, ga turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) da famfon mai da babban batir da aka ƙara masa. Duk wannan nauyi yana zaune ne a kan tayoyin gaba, waɗanda su ne kuma ke jan motar, su ne ke juya ta. A irin waɗannan motoci kusan kashi 60 cikin 100 na nauyi, ko ma fiye, a gaba yake. Saboda haka idan ka shiga kwana da gudu, tayoyin gaba ne ke fara rasa riƙo, motar ta nemi wucewa waje. Idan ka ƙara taka totur a tsakiyar kwanar abin sai ya ƙaru, domin injin mai ƙarfin doki 90 yana ba da ƙarfin juyi na Nm 210 tun yana juyi 1,900 a minti, alhali na fetur mai 1.6 bai wuce Nm 155 ba, kuma sai an kai shi sama sosai kafin ya bayar. Taya ɗaya ba za ta iya ja da dukkan ƙarfinta kuma ta riƙe kwana a lokaci guda ba, balle a kwaltar da yashi ya hau. Wannan ɓangaren tuƙi ne maganinsa: a rage gudu kafin kwana, a shiga da giyar da ta dace, kada a ƙara wuta sai sitiyari ya fara dawowa.

Nutsewar gaba da bugun ƙasa kuwa ba halinta ba ne. An ƙera Golf 4 ne daga 1997 zuwa wajen 2003, don haka duk wadda ke hannunka ta haura shekara ashirin, kuma da wuya a ce shokazoba da sufirin ɗinta suna da sauran ƙarfi. Abin da nake zargi ma shi ne an taɓa canza su da na mai fetur, domin a ido kamarsu ɗaya kuma suna shiga daidai, ga shi su ne suka fi yawa a kasuwar kayan gyara. Volkswagen yana bambanta sufirin gwargwadon nauyin inji, yana kuma shafa musu ɗigon fenti masu launi a jiki domin a gane su. A wanke naka a duba launukan, a kwatanta da takardar lambobin motar da ke liƙe a but kusa da safaya. Idan na mai fetur ne, motar za ta zauna ƙasa da yadda ya kamata tun kafin kowa ya shiga, kuma ɗan tazarar da ta rage wa shokazoba za ta ƙare a kan tudu na farko.

Robar da bakanikenka ya ambata tana ɗaga jikin mota, amma ba ta mayar wa sufirin ƙarfin da ya rasa, ba ta kuma hana shokazobar da ta zubar da mai yin lilo. Sufirin motar da ta fi ta girma kuwa zai sa gaba ya yi tauri fiye da baya, kuma taurin gaba yana ƙara wa mota ƙin bin kwana, wato ainihin abin da kake kuka da shi. Shawarata ita ce a sa shokazoba biyu na gaba tare, kada a canza ɗaya a bar ɗaya, a sa sufirin na dizal, a duba bushin na hannun ƙasa da boljoyin da tayarod, sannan a yi alaimen.

Tsohon Direba:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a wuri ɗaya. Waɗanda suka ƙera motar nan hanyoyin Jamus suka duba, ba su san burji da gargada da tudun da mutanen gari ke ginawa da kansu a bakin kasuwa ba. Ko da an sa mata sababbin kaya na asali, Golf 4 tana da ƙasa, kuma kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injinta na alminiyom ne, wanda ba ya lanƙwashewa kamar na ƙarfe, fashewa yake yi. Dutse ɗaya ya isa ya tsiyayar da man inji gaba ɗaya, kuma direban da bai lura da jar fitilar gargaɗin mai ba zai rasa inji da turbo a tafiya ɗaya. Don haka ni ban ga laifin ɗagawa kaɗan ba, matuƙar an fara gyara abin da ya lalace. Abin da na ƙi shi ne ɗagawar da ta wuce kima, domin tana karkatar da shaf, robarsa ta yage, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas duk lokacin da ka juya sitiyari.

Ina kuma ba ka shawara, ɗan'uwa, ka sa a ƙera maka farantin ƙarfe a ɗaura a ƙarƙashin inji, a bar masa ƙofar juye mai. Batun taya ma kada ka raina shi. Matasa suna son manyan rim saboda ado, amma taya 195/65 R15 gefenta ya kai kusan milimita 127, yayin da 225/45 R17 ba ta wuce 101 ba, kuma wannan bambancin shi ne ke shanye bugun rami kafin ya isa ga shokazoba. A motar da gabanta ke da nauyi, ƙaramin rim da taya mai kauri sun fi alheri.

Injiniyan Motoci:

Na yarda da kai, Baba, kuma kamfanin da kansa ya yarda, domin ya yi wa waɗannan motoci sufirin da shokazoba na musamman saboda ƙasashe masu munanan hanyoyi, waɗanda ke ɗaga mota kaɗan ba tare da ɓata daidaiton gaba da baya ba. Idan an same su, sun fi roba. Sharaɗin kawai shi ne a ɗaga gaba da baya tare.

Na bar tambayar nauyin tashi ban amsa ba. Turbo hayaƙin inji ne ke juya shi, don haka idan inji yana ƙasa da juyi 1,500 babu isasshen hayaƙi, motar sai ta yi sanyi, da zarar ya kusa 1,900 kuma sai ƙarfin ya zo a dunƙule. Wannan daidai ne. Kuskuren da masu fitowa daga fetur ke yi iri biyu ne: ko su ja giya har allurar agogon juyin inji ta haura 4,000, inda dizal ya riga ya gama bayar da abin da yake da shi, ko kuma su bar ta a babbar giya tana kakkarwa domin tsimin mai, wanda ke cinye fulawil da kulochi da robobin da ke riƙe inji. Tsakanin 1,800 da 3,000 nan ne wurin aikinta, kuma nan ya kamata allura ta kasance kafin ka fita wuce babbar mota. Idan kuwa nauyin ya wuce misali, ko ƙarfi yana ɗaukewa a kan tudu sai an kashe an sake tayarwa, to a duba na'urar auna iska da ke bayan filta, a duba bututun shigar iska wanda baƙin hayaƙi ke toshewa, da fukafukan cikin turbo da ke maƙalewa. A lokacin hunturu filtar iska ba ta kai wa'adin da aka rubuta a littafi, saboda ƙura.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa ga dattawa. A wajenmu ƙananan motocin dizal sun fi yawa fiye da wajenku, kuma ina so in ƙara abu ɗaya game da baya, tunda kowa ya tattara hankali a gaba. Peugeot 206 mai injin dizal na HDi ta fi Golf sauƙin juyawa da daɗin sitiyari a ganina, amma aksul ɗinta na baya yana da ƙananan boris a cikin hannuwansa, waɗanda idan ruwa da ƙura suka cinye su sai ka ga tayoyin baya sun kwanta ciki ta sama, motar tana wutsil-wutsil a kan hanya. Golf 4 ba ta da wannan ciwon, domin bayanta ƙarfe ɗaya ne da ya haɗa tayoyin biyu, sai dai yana rataye ne a kan manyan bushin guda biyu, kuma ba a yi masa wurin saiti ba. Idan tayoyin baya suna cinyewa ta gefe ɗaya, ko dai bushin sun mutu ko ƙarfen ya lanƙwashe saboda lodi, kuma mai alaimen ba shi da abin da zai murɗa a wurin.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, motar da nauyinta ke gaba bayanta ba shi da nauyi idan babu fasinja. Idan direba ya tsorata a tsakiyar kwana ya ɗauke ƙafa daga totur farat ɗaya ko ya danna birki, nauyi yana ƙara komawa gaba, kuma idan shokazobar baya ta mutu bayan motar zai iya zamewa ya juyo. Saboda haka, Malam Bakatsine, idan kuɗi bai kai a yi duka a lokaci ɗaya ba, ka fara da gaba kamar yadda Injiniya ya ce, amma kada ka yi doguwar tafiya da sababbin shokazoba a gaba da matattu a baya. Ka kuma bi ma'aunin iskar taya da ke rubuce a cikin murfin tankin mai, domin akwai na mota wayam akwai na mai lodi, kuma a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi.