Wuƙar aljihuna ta ƙi buɗuwa, ina neman shawara

Salam 'yan uwa. Don Allah masu harkar wuƙaƙen aljihu ku taimaka min da dabara, abin ya ishe ni wallahi.

Ina da guda huɗu da nake tarawa, amma biyu nake yawo da su, Victorinox ƙarama ta Suwizalan da kuma Opinel lamba 8 ta Faransa, mai marikin katako da zoben nan da ake murzawa a kulle ta. Opinel ɗin ce ta fi kwanta min don ta fi kaifi nesa ba kusa ba, kwali, igiya, mangwaro duk da ita nake yanka a shago. To tunda na baro Madina na dawo Jidda ta fara tauri, kun san danshin garin nan, katakon ya kumbura ya matse ƙarfen, jiya ma da na wanke ta bayan na yanka lemo sai ta ƙi fitowa sam har farcena ya karye. Na buga gindin marikin a kan tebur yadda ake yi, ta ɗan leƙo ta tsaya. Kuma tawa mai ƙarfen kabon ce, irin mai kama tsatsa, ba Inox ba (wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa), tsatsa ta fara kama wajen mahaɗin.

Wani abokina ya ce in shanya ta a rana, ni kuma tsoro nake kar katakon ya tsage. In zan sa mata mai don ta saki, man zaitun zai yi ko sai man keken ɗinki, tunda abinci nake yankawa da ita? In na goge cikin tsagar da sanfefa zoben ba zai yi sako-sako ba?