Kiwon Kifin Teku a Akwatin Gilashi da Kuɗi Kaɗan

Waɗanda suka daɗe a harkar bakinsu ya zo ɗaya a kan girman akwati: mai cin lita 75 zuwa 150 ya fi ƙarami sauƙin kulawa, domin ruwa kaɗan saurin ɓaci gare shi. Na hannu ma ya wadatar, muddin an cika shi an ga ba ya yoyo.

Inda suka hana rowa shi ne wajen ruwa, kuma ina bayansu. Gishirin girki ba ya yi. Na musamman ake saya, a dama shi da tataccen ruwa har gishirin ya kai kimanin giram 35 a kowace lita, zafi kuwa digiri 24 zuwa 26. In ruwan ya ragu, wanda babu gishiri ake ƙarawa, tunda gishiri ba ya bin tururi, sai dai ka ga farin ɓawonsa a bakin gilashi.

Cikin duwatsun da ake sawa a akwatin, busasshen dutse ya fi rayayye (wanda ke zuwa da ƙananan halittun teku a jikinsa) araha, amma sai an jira mako 4 zuwa 6 ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya, gubar da kifi ke fitarwa cikin ruwa, su zauna a jikinsa. Daga nan a fara da ƙananan kifi biyu, murjani (halittar teku mai kama da dutse) da fitilarsa mai tsada su jira tukuna.