Neman kalma kafin Alhamis: me za mu kira kallon talabijin ta intanet?

Mai Shirin Asabar: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ranar Asabar zan gabatar da shiri a gidan rediyonmu nan Damagaram a kan kamfanonin da ke kawo tashoshin talabijin ta intanet, da gasar da ke tsakaninsu, da dalilin da ya sa wani ke kallon ƙwallo hoto garau alhali maƙwabcinsa na fama da hoto dishi-dishi. Dole in miƙa rubutun ran Alhamis da la'asar. Kalmar da ta tsaya mini ita ce "sitirimin", wadda masu Ingilishi da masu Faransanci duk suke faɗa. Ina kuma neman abin da zan kira "debi", wato yawan bayanan da layin intanet ke iya kawowa a daƙiƙa, da kuma tsayawar nan da hoto ke yi, ƴar da'ira tana ta juyi a tsakiyar allo.

Malama ta Zengo: Wa alaikumus salam. A ganina "kai tsaye" ta wadatar, domin da ita gidajen rediyo suka saba, kuma ita ce matasan fada ke nufi idan suka ce "andirek".

Injiniya: Malama, Allah ya ƙara sani, amma abu biyu ne. "Kai tsaye" tana faɗin lokaci, wato ana yin abin kana gani, ita kuwa kalmar da ake nema tana faɗin hanyar da hoton ya biyo. Labarun dare na Télé Sahel da ka kama da eriya kai tsaye ne, amma ba su biyo ta intanet ba. Tsohon fim da ka buɗe a YouTube ta intanet ya zo, amma ba kai tsaye ba ne. Yadda abin yake, kamfani yana yanyanka shirin guntu-guntu, kowane guntu na ƴan daƙiƙoƙi, ya tanadi kowanne a matakai daban-daban na kyan hoto, wayarka kuma tana jawo su ɗaya bayan ɗaya tana nuna maka ba tare da ta jira shirin ya sauka gaba ɗaya ba. Ku ɗauke shi kamar pampo da randa: wayar tana tara kaɗan a randa kafin ta fara ba ka, kuma muddin abin da pampo ke zubawa ya kai abin da kake ɗiba, ba za ka san ana wata hidima ba. Idan pampo ya rage, sai wayar ta koma ƙaramin mataki hoto ya dushe, idan randa ta ƙafe kuma sai ƴar da'irar ta fito.

Baba na Birni: Ɗana Injiniya, ai ka riga ka ba da amsa ba ka sani ba. Kalmar ita ce "kwaranyo". Ruwa yana kwaranya, idan ya nufo inda kake kuma ya kwaranyo, kamar yadda muke da tafi da taho, aika da aiko. Daga nan sai mu sami "makwaranya" ga kamfanin ko manhajar, da "makwaranyi" ga mai watsawa. Na yi shekaru ina fassarar labarai, kuma abin da na gani shi ne duk kalmar da ba ta haihuwa ba ta daɗewa. Wannan tana haihuwa.

Malama ta Zengo: Baba, ginin yana da kyau, sai dai "kwaranya" ba ta ɗaukar karɓau. Ruwa ne ke kwaranya da kansa, ba a cewa wane ya kwaranyo ruwa, saboda haka "kamfanin ya kwaranyo wasan" ba za ta zauna a kunne ba. Mai ɗaukar karɓau ita ce "kwararo", ita kuma idan aka ji ta a rediyo lungu za a ɗauka. Akwai kuma haɗarin "kwaranye": mai sauraro ya ji an ce wasa ya kwaranye, zai ɗauka an tashi.

Mai Shagon Waya, Kasuwar Dole: Ni dai abin da nake ji a bakin masu saye kullum shi ne rezo, da mega, da forfe, wato ƙunshin mega da ake saya. Jiya wani dattijo ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba, jikansa ya sa masa tafsiri amma malamin sai ya yi magana ya tsaya, ya yi magana ya tsaya, kuma ya tambaye ni ko rezo ne ba shi da ƙarfi ko megarsa ce ta ƙare. Da na ce masa makwaranya ce ta samu matsala, da sai na sake yi masa wani bayanin.

Baba na Birni: To, nan ne ciwon yake. Rezo, mega, forfe, konaksiyo: jimla guda kalmomin Faransanci huɗu, sai "ne" da "ce" kawai suka rage na Hausa. A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Idan gidan rediyo a Damagaram, garin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, ba zai iya haifar da kalma ɗaya ba sai ya aro daga bakin kasuwa, to wa zai yi? Su kansu Faransawan suna da hukumar da ke ƙera musu kalmomi tana bugawa a jaridar gwamnati don kada Ingilishi ya cinye su.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ina ganin ya kamata a duba abin da ake faɗa a Kano tukuna, domin masu sauraro a Magarya da Matamaye suna kama tashoshin Daura da na Kano, kuma can "data" da "sabis" ake cewa, ba mega da rezo ba. Idan muka ƙera tamu su ma suka ƙera tasu, za mu ƙara wa tsohuwar ɓarakar da ke tsakanin Hausar Nijar da ta Najeriya faɗi. Jami'ar Bayero tana da cibiyar da ta daɗe tana wannan aiki.

Baba na Birni: Ɗana, ban raina malaman Kano ba, amma ba a wurinsu muke karɓar izinin yin Hausa ba. Abin da ka kawo ma, data da sabis, Ingilishi ne aka sa wa hula. Don me aron Kano zai zama daidaitacciyar Hausa, namu kuma ya zama gurɓatacciya?

Malama ta Zengo: A kan wannan ina tare da Baba. Taron daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya a Yamai aka yi shi a 1980, ba wanda ya zo a matsayin ɗan rakiya. Amma ina tuna wa kowa cewa mai tambaya yana da Alhamis a gabansa.

Injiniya: Bari in koma kan "debi", domin a nan ne masu sauraro ke asarar kuɗi. Ana auna shi da megabit a daƙiƙa, megar da ake saya a forfe kuwa megabait ce, kuma kowace ɗaya daidai take da megabit 8. Netflix na ba da shawarar megabit 3 ga hoto mai layi 720, da 5 ga mai layi 1080, da 15 ga wanda ake kira 4K. Wanda ya kalli awa guda a kan megabit 5 ya ci fiye da jiga 2, wato mega dubu biyu, alhali a kan layi 480, da ke neman wajen megabit 1, kusan rabin jiga zai ci, kuma a kan allon waya bambancin ba shi da yawa. Ba na son a ce "sauri", saboda akwai wani abu daban da ya fi cancantar wannan suna, wato tazarar da ke sa mai parabol, farantin tauraron ɗan'adam, ya yi ihun an ci alhali kai a wayarka ɗan wasa bai ma buga ba, tazarar da kan kai rabin minti ko fiye. Wannan a kira shi "jinkiri", "debi" kuma a kira shi "ƙarfin layi", tunda mutane sun riga sun saba cewa rezo ya yi ƙarfi.

Mai Shirin Asabar: Na karɓi waɗannan biyun, na gode. Sun kuma gyara mini ɓangaren gasa, domin abin da nake so in faɗa shi ne kamfanonin nan ba a yawan tashoshi kaɗai suke takara ba. A watan Nuwamba na 2024, da Netflix ya nuna damben Mike Tyson da Jake Paul kai tsaye, masu kallo da yawa a Amurka sun koka da tsayawar hoto duk da ƙarfin layinsu, wanda ke nuna cewa wani lokaci nauyin yana wajen mai aikowa. A nan Afirka kuma Canal+ ya karɓe MultiChoice, mai DStv, a 2025, shekarar da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijar bisa izini.

Malama ta Zengo: Game da tsayawar hoton, ni "i'ina" ta zo mini, domin ita ce ke kama yadda magana ke tsinkewa tana dawowa.

Mai Shirin Asabar: Malama, ta kama abin sarai, amma ina da masu sauraro da ke fama da i'ina, wasu ma suna bugo waya a shirin, kuma ba na so su ji an mai da lalurarsu sunan matsalar na'ura. Zan ce hoto ya maƙale. Babbar kalmar kuma zan ce "kallo ta intanet", idan abin yana faruwa a lokacin in ce "kai tsaye ta intanet".

Baba na Birni: Wannan bayani ne, ba kalma ba ce, kuma ko "yanar gizo" ba ka yarda ka sa ba. Amma shirinka ne, ba zan hana ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka faɗi "kwaranyo" sau ɗaya a cikin shirin, ka ce wani dattijo ne ya kawo ta, ka bar masu bugo waya su yanke hukunci.

Mai Shirin Asabar: Zan faɗa, Baba, in sha Allahu, tare da gyaran da Malama ta yi a kanta.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Saura sunan kamfanonin su kansu. "Tasha" ba ta yi ba tunda kowanne yana ɗauke da tashoshi da yawa a cikinsa, "manhaja" kuma abin da ke cikin waya kawai take nufi. Ni "dandalin kallo" nake gani.

Mai Shagon Waya, Kasuwar Dole: A nan idan ka ce dandalin kallo, gidan kallon ƙwallo na unguwa za a nufa, mai benci da janareto. Ka dai kira kowanne da sunansa a wannan Asabar ɗin, kuma don Allah ka gaya wa mutane inda ake shiga a wayar a mai da hoto 480, domin shi ne abin da suka fi tambayata.