Star Trek da haɗa launin fata: yabon da ake yi masa ya kai haka kuwa?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum. Masana fina-finan almarar kimiyya, ga tambaya. Duk inda aka tayar da zancen haɗa launin fata da ƙabilu a talabijin ɗin Amurka, sai an ambaci Star Trek, wai tun 1966 ya zuba baƙar mace da ɗan Asiya a kumbo ɗaya da Turawa. Amma wanda ya zauna ya kalli tsohon shirin zai ga Turawa uku ne ke ta magana, sauran suna danna maɓalli. Shin yabon nan na gaskiya ne, ko bakin masoya ne? Da wane ma'auni ake gane an yi abin da gaske? Kuma cikin jerin shirye-shiryensu wanne ya fi?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da idonka ya gani daidai ne, kuma akwai dalilinsa a takarda.

Shirin farko ya fara fita a tashar NBC ranar 8 ga Satumba 1966, ya yi zango uku, kashi 79, aka tsayar da shi a 1969. Hanya mafi sauƙi ta gane matsayin jarumi a irin wannan shiri ita ce duba sunayen da ake rubutawa a buɗewa. A zangon farko sunaye biyu ne kacal, William Shatner da Leonard Nimoy. A zango na biyu aka ƙara DeForest Kelley. Nichelle Nichols mai fitowa a Uhura da George Takei mai fitowa a Sulu sai a ƙarshen shiri ake ganin sunansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda sunansa ke gaba shi ne aka ɗaure da babban kwantiragi, dole a biya shi, don haka dole marubuta su nema masa abin yi a kowane kashi. Wanda ba ya cikin wannan sahu, idan labari ya yi tsawo layinsa ake fara yankewa. Shi ya sa mafi yawan aikin Uhura bai wuce ta sanar da kyaftin cewa an buɗe layin sadarwa ba.

Duk da haka a duba shekarar. Dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta Amurka 1964 aka sa mata hannu, ta zaɓe kuma 1965. Baƙar mace a talabijin a lokacin yawanci 'yar aiki ce ko mai raino. Sai ga Laftanar da kaki, zaune a ɗakin tuƙi, ba wanda ya tsaya bayanin yadda aka yi ta zo wurin. Takei kuwa yana yaro aka tsare shi da iyayensa a sansanonin da Amurka ta zuba 'yan asalin Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ga shi yana tuƙa kumbon. A 1967, ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, aka ƙaro Chekov ɗan Rasha.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: ba Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, kaɗai ke da wannan lada ba. NBC da kanta ta rubuta wa furodusoshinta a 1966 tana neman su riƙa ɗaukar waɗanda ba Turawa ba, kuma kafin nan I Spy ya riga ya sa Bill Cosby a sahun gaba tun 1965. Inda Star Trek ya yi zarra shi ne muƙamai. A kashin "Court Martial" wanda ya shugabanci shari'ar Kyaftin Kirk baƙar fata ne, Commodore Stone, kuma yana gaba da Kirk a muƙami. A "The Ultimate Computer" masanin da ya ƙera kwamfutar kumbon, Dakta Daystrom, shi ma baƙi ne.

Sumbar nan ta Kirk da Uhura ta Nuwamba 1968 da ake ta yayatawa, a rage mata gishiri. Ba ita ce sumba ta farko tsakanin baƙar fata da farar fata a talabijin ba, Ingila ta riga su. Kuma a cikin labarin tilasta su aka yi da ƙarfin tsafin ƙwaƙwalwa, wato an bar wa tashar ƙofar kare kanta idan jihohin kudu suka yi ca.

Yar_Damagaram:
Baba ya kawo na gaban kyamara. Ni bayan kyamara zan taɓa, don a nan ne ake yin ɓarnar.

Matsala ta farko, a rubuta mutum ɗan wata ƙabila ba tare da an san ƙabilar ba. Misali mafi muni shi ne Chakotay na shirin Star Trek: Voyager, wanda ya gudana daga 1995 zuwa 2001. An so a yi mataimakin kyaftin daga ƙabilun asalin Amurka, niyya mai kyau. Sai aka ɗauko mai ba da shawara, Jamake Highwater, mutumin da tun 1984 aka fallasa cewa ba shi da jinin waɗannan ƙabilu, ƙarya yake yi. Abin da ya fito shi ne kwaɗo: zanen fuska daga nan, dabbar ruhi daga can, ƙunshin magani daga wani wuri, ba a jingina shi ga wata ƙabila ta gaske ba. Har aka yi kashin da ya nuna wai halittun wata duniya ne suka bai wa kakanninsa basirarsu. Ƙabilun nan ɗaruruwa ne, kowace da harshenta da addininta. Gyaran ba wuya: a zaɓi ƙabila ɗaya, a nemo marubuci daga cikinta, a tambayi hukumar ƙabilar ko ta san shi.

Ta biyu, ɗaukar duk mai duhun fata a matsayin abu ɗaya. Khan Noonien Singh na 1967 an ce daga arewacin Indiya yake, mai yiwuwa Sikh, amma Ricardo Montalbán ɗan Mekziko ya fito a shi. A fim ɗin 2013 ma sai aka bai wa Bature ɗan Ingila, Benedict Cumberbatch. Harry Kim na Voyager sunan Koriya ne, jarumin Garrett Wang iyayensa daga Taiwan suka zo. Hoshi Sato ta shirin Enterprise 'yar Japan ce, jarumar Linda Park kuwa a Koriya aka haife ta. Kuma shi Kim ya shekara bakwai a ƙaramin muƙami ɗaya ba ƙarin girma, alhali abokin aikinsa Bature Tom Paris an rage masa muƙami an kuma mayar masa a cikin wannan tsakani.

Ta uku ta fi ɓuya, ita ce fakewa da halittun wasu duniyoyi. 'Yan Klingon na farko Turawa ne aka shafe da kwalliya mai duhu, aka yi musu gira da gashin baki irin na mayaƙan Mongol, aka ce ga mugaye. Sannan tsarin shirin shi ne kowace duniya hali ɗaya: waɗannan duk mayaƙa, waɗancan duk masu son kuɗi, waɗancan duk masu sanyin lissafi. Shirin da ke wa'azin kada a yi wa mutane kuɗin goro, shi ne ya gina sararin samaniyarsa a kan kuɗin goro. Kashin "Code of Honor" na shirin The Next Generation a 1987 ya kai abin maƙura. Duniya guda duk baƙaƙe, da rawuna da kayan da ake kwatanta na Afirka, shugabansu ya sace Baturiyar jami'ar tsaro, aka sa ta faɗan mutuwa da matarsa. Jaruman shirin da kansu sun sha fitowa suna Allah wadai da shi. Kuma wannan a shirin da LeVar Burton da Michael Dorn ke sahun gaba ne, wanda ke nuna yawan baƙaƙen fuskoki bai hana komai ba.

Akwai inda jarumi ya gyara da bakinsa. A kashin "The Naked Time" an so Sulu ya fito da takobin samurai, Takei ya nemi a ba shi siririn takobin wasan Turai, don kada a ce duk ɗan Japan samurai ne. Haka aka yi.

Injiniya_Tudu:
Hajiya, na yarda da kusan duka, sai dai kada a raina kujerar Uhura. Bayan zangon farko Nichols ta yi niyyar barin shirin, Martin Luther King ne ya roƙe ta ta zauna. A 1977 hukumar NASA ta ɗauke ta ta zaga ƙasa tana jawo mata da waɗanda ba Turawa ba su nemi aikin sama-jannati. Rukunin 1978 mutum 35 ne, ciki da mata shida, baƙaƙe uku da ɗan asalin Japan ɗaya. Daga nan Sally Ride da Guion Bluford suka fito. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha faɗin cewa Uhura ce ta zaburar da ita, har ta fito a kashi ɗaya na The Next Generation a 1993.

Tambayarka ta ƙarshe, Malam, amsarta Deep Space Nine, 1993 zuwa 1999, kashi 176. Ba don an sa Avery Brooks a gaba kawai ba, ko da yake shi ma a Kwamanda aka fara da shi, sai ƙarshen zango na uku aka ba shi Kyaftin. Dalilin shi ne an bai wa Benjamin Sisko, wanda Brooks ke fitowa a shi, gida. Mutumin New Orleans ne, mahaifinsa na da gidan abinci a can, shi kansa yana girki, yana rainon ɗansa Jake shi kaɗai bayan rasuwar matarsa, yana tara kayan tarihin Afirka har da abin rufe fuska na Yarbawa. Ana ganin uba baƙar fata yana rungumar ɗansa yana sumbatar kansa, abin da talabijin ɗin Amurka ba ta saba nunawa ba a lokacin.

Kalli "Far Beyond the Stars" na 1998, Brooks ne ya ba da umarni. An mayar da Sisko marubucin almara mai suna Benny Russell a New York ta 1953, sauran jaruman an cire musu robar fuska, wasunsu sun zama abokan aikinsa a wata mujalla. Ranar da za a ɗauki hoton marubuta aka ce masa ya yi zamansa a gida, kada masu karatu su san baƙi ne. Ya rubuta labarin tashar sararin samaniya mai baƙin kyaftin, edita ya ce ba mai yarda da wannan. Aka sasanta a mayar da labarin mafarki, duk da haka mai kamfanin ya sa aka lalata bugun gaba ɗaya aka kore shi. A nan ba a fake da wata halittar wata duniya ba, an kira abin da sunansa. A 1999 kuma da farko Sisko ya ƙi shiga wasan kwaikwayon kwamfuta na Las Vegas ta 1962, ya ce a ainihin wannan shekara ba a maraba da irinsa a wurin a matsayin baƙo. Ko ƙarshen shirin Brooks ya sa an gyara, aka ƙara alkawarin Sisko zai dawo, don kada a rufe da hoton baƙin namiji ya tafi ya bar mace da ciki.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai. To mu 'yan Afirka na nan gida fa, da Musulmi? Ko duk baƙaƙen Amurka ne?

Yar_Damagaram:
Akwai, ɗan'uwa, amma a rarrabe jarumi da wanda yake fitowa a matsayinsa.

Dakta Julian Bashir na Deep Space Nine, wanda ya fito a shi a Sudan aka haife shi a 1965. A zango uku na farko sunansa a rubuce Siddig El Fadil, daga baya ya koma Alexander Siddig. Sadiq al-Mahdi, tsohon firaministan Sudan, baffansa ne. Sai dai shi Bashir ɗin na cikin labari ba a taɓa cewa ga ƙasarsu ko addininsu ba, lafazinsa na Ingila ne. Wannan ba ya rasa nasaba da Roddenberry, wanda bai yarda da addini ba, ya kuma zana gobe da ɗan Adam ya bar shi a baya. Don haka za ka ji sunaye irin namu, amma salla da azumi ba su cikin tsarin. Addinin da aka yi wa zurfin bincike a shirin na ƙagaggun mutanen Bajor ne.

Geordi La Forge takardunsa sun ce a Somaliya aka haife shi, amma ba wani kashi da ya yi amfani da hakan. A Discovery, 2017 zuwa 2024, Sonequa Martin-Green ce baƙar mace ta farko da ta ja shirin Star Trek, Michelle Yeoh kuma aka bar ta da lafazinta na Malesiya. Oyin Oladejo, haifaffiyar Ibadan, ita ce Joann Owosekun, har an ambaci kogon Ogbunike na jihar Anambra a tarihinta. David Ajala ɗan Ingila ne mai asalin Najeriya. Amma Owosekun ta faɗa ramin da Uhura ta faɗa: kullum tana ɗakin tuƙi, labarinta 'yan layuka ne.

Baban_Ummi:
Wannan ramin na Owosekun lissafi ne ya haƙa shi. Shirye-shiryen shekarun 1990 kashi 26 suke yi a zango, kowane kashi da labarinsa, don haka ko ba a so sai an zagayo kan kowane jarumi sau biyu ko uku a shekara. Discovery ya fara da kashi 15, ya ƙare da 10, kuma labari ɗaya ake ja daga farko har ƙarshe a kan mutum ɗaya. Fuskoki sun ƙaru, filin ba su labari ya ragu.

Strange New Worlds da ya fara a 2022 kashi 10 ne shi ma, amma ya koma tsarin kowane kashi da labarinsa, nan take aka ga bambanci. Dakta M'Benga, wanda kashi biyu kawai ya samu a tsohon shirin, yanzu Babs Olusanmokun haifaffen Legas ke fitowa a shi, sunansa na cikin na buɗewa, yana da 'ya mai suna Rukiya, kuma a 2023 an yi kashi sukutum a kan abin da ya aikata a yaƙin Klingon. Uhura ma an ce daga Kenya take, an ba ta iyaye da dalilin shigarta aikin.

In kana son gwada kowane shiri da kanka, ɗauki zango ɗaya da biro da takarda. Rubuta sunayen buɗewa, ka ƙirga kashi nawa aka gina a kan kowannensu. Duba wa aka nuna danginsa ko ɗakin kwanansa, wa ya taɓa saɓa wa kyaftin kuma labari ya ba shi gaskiya, wa aka bari ya yi kuskure babba bai mutu a kashin ba. Sannan ka tsaya har ƙarshe ka karanta sunayen marubuta da daraktoci. Idan ka gwada da zango na shida na Deep Space Nine da kowane zango na Enterprise, ka sa ido kan Travis Mayweather, matuƙin kumbon: sunansa na gaba tun 2001 har 2005, amma kashin da aka gina a kansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.