Shawarwari kan yaron da ya dogara da waya wajen lissafi

Hajiya Inno, Mabera: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji biyu na babbar sakandare, kuma duk lokacin da aka ba shi aikin gida na aljabara ko kashi cikin ɗari, sai ya ɗauki hoton tambayar, manhajar Photomath ta fitar masa da amsa, ya kwafe. Da aka yi gwaji a aji babu waya, ya kasa taɓuka komai. Ina neman shawararku tun kafin lokacin WAEC ya ƙarato.

Malam Attahiru, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara masa da kashi cikin ɗari, domin a nan ɗalibaina suka fi tuntuɓe, kuma dalilin ɗaya ne: ba sa tambayar kansu kashin na wane adadi ne. A ce buhun albasa ya tashi daga naira 40,000 zuwa 50,000. Ƙarin 10,000 ne a kan 40,000, wato kashi 25. Idan ya sauko daga 50,000 ya koma 40,000, ragin 10,000 ɗin ne dai, amma yanzu a kan 50,000 ake auna shi, saboda haka kashi 20 ne. Yaron da ya gane abin da ya sa amsoshin biyu suka bambanta ya gama da tambayoyin riba da asara da rangwame gaba ɗaya.

Alhaji Bello, Gawon Nama: Malam ya yi gaskiya. Ni da zakka na koya wa nawa, tun da abu ne da suke gani ana fitarwa a gida. Dukiyar da ta kai nisabi ana fitar da ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5, don haka mai naira miliyan 40 zai ba da miliyan 1. Manomin da ya samu buhu 60 na gero da ruwan sama zai fitar da 6, wanda kuwa ya samu buhu 60 na shinkafa da injin ban ruwa, kamar masu noman rani a Wurno da Goronyo, zai fitar da 3. Ga kashi 10 da kashi 5 nan, ba tare da an buɗe littafi ba.

Malama Nana, Arkilla: Yaya Inno, ban goyi bayan a raba shi da manhajar ba, sai dai a sauya lokacin da yake taɓa ta: ya yi aikin da hannunsa tukuna, sannan ya duba matakan da ta nuna, ya ga inda suka rabu. A aljabara kuwa, ya ɗauki alamar daidai (=) tamkar sikeli, abin da ya cire a ɓangare ɗaya dole ya cire shi a ɗayan. Wanda ya sayi littafin rubutu uku da biro na naira 200 a kan 2,000 zai rubuta 3x + 200 = 2,000, inda x yake nufin kuɗin littafi ɗaya, ya cire 200 ta kowane ɓangare ya samu 1,800, ya raba da uku ya samu 600. Sannan ya mayar da 600 cikin tambayar ya tabbatar ta ba da 2,000. Kada ya tsallake mataki ko ɗaya, domin a takardar rubutu ta WAEC da NECO ana ba da maki kan hanyar da aka bi, ko da amsar ƙarshe ta kuskure.

Malam Attahiru: Bari in ƙara da ƙididdiga a taƙaice. 'Yan kasuwa biyar sun ci ribar 2,000 da 2,000 da 3,000 da 4,000 da 39,000. Matsakaicinsu, wato idan aka haɗa ribar duka aka raba da biyar, 10,000 ne, alhali huɗu daga cikinsu ba su kai rabin haka ba. Lambar tsakiya, 3,000, ita ce ta fi faɗin gaskiyar halin da suke ciki. Ya riƙa jera lambobin daga ƙarami zuwa babba kafin ya nemo ta.

Hajiya Inno: Allah ya saka da alheri. Wane littafi zan saya masa?

Malama Nana: Kundin tambayoyin jarrabawar shekarun baya, wanda ake samu a shagunan littattafai, amma ki buɗe ki tabbatar yana nuna matakan aiki, domin wasu amsa kawai suke jerawa. Tambaya biyar a rana bayan sallar La'asar ta ishe shi, kuma wayar ta zauna a hannunki har sai ya gama.