Faifan DVD+RW na rubutu da gudun 2.4x maimakon 4x: laifin direba ne?

Habibu:
Assalamu alaikum. Ina da faifan DVD+RW, irin wanda ake gogewa a sake rubutawa, da aka rubuta gudun 4x a jikinsa, na'urar rubutun kuma tana iya kaiwa 8x a irin wannan faifai. Amma duk lokacin da na yi amfani da growisofs, manhajar rubuta faifai a Linux, ko da na sa -speed=4, gudun ba ya wuce 2.4x, har cika faifan ya ci kusan minti 24 maimakon 14. Faifan DVD-R kuwa yana tafiya yadda ya kamata. Zargina ya fi karkata ga direban, wato manhajar da kwamfuta ke amfani da ita wajen kula da na'urar. Ta ina zan fara bincike?

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Kafin ka ɗora wa direba laifi, ka sani cewa ba shi ke yanke gudun rubutu ba. Manhajar rubutu tana aika buƙata ne kawai, da umarnin SET STREAMING ko SET CD SPEED, direban ya miƙa ta, sannan manhajar da ke cikin na'urar kanta ta duba lambar kamfanin da ke jikin faifan, ta nemo ta a jerin faya-fayen da ta sani. Idan ba ta same ta ba, sai ta koma gudu mafi ƙanƙanta, wanda a DVD+RW shi ne 2.4x, domin ba ta san ƙarfin hasken da ya dace da faifan ba.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Faifan da ake gogewa ba rini ake ƙonawa a cikinsa ba kamar DVD-R. Wani haɗin ƙarfe ne da hasken ke narkarwa ya kuma bar shi ya daskare, kuma daskarewar tana buƙatar lokacinta daidai, ba sauri ba, ba jinkiri ba. Shi ya sa faifan CD-RW mai alamar High Speed ba ya rubutuwa a tsohuwar na'ura mai 4x. Ka sa faifan, ka gudanar da umarnin dvd+rw-mediainfo /dev/sr0 mai nuna bayanan faifai, ka gaya mana gudun da ya lissafo.

Hajara:
Bayanin Malam Isiyaku ya gamsar da ni, sai dai kada a wanke direba tun ba a duba ba. Ka karanta dmesg, wato saƙonnin da Linux ke bayarwa game da na'urori, ko akwai layin da ke cewa an rage gudun hanyar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, ko an sauka daga DMA, salon tura bayanai mai sauri, zuwa PIO mai jinkiri. Windows XP ma takan yi haka bayan kurakurai shida. Idan na'urar ta USB ce, ka tabbata ba ta faɗa USB 1.1 ba, wanda ko 1x na DVD, wato kilobait 1,385 a daƙiƙa, ba ya iya ɗauka. Amma tunda DVD-R yana gudu lafiya a kan waya ɗaya, da wuya matsalar ta kasance nan.

Habibu:
Na gode muku. Babu kuskure ko ɗaya a dmesg, kuma dvd+rw-mediainfo ya nuna 2.4x kaɗai. Da na sa faifan wani kamfani, sai 4x ya bayyana. Saura abu ɗaya: idan na tsara faifan da UDF, wato tsarin ajiye fayiloli a faifai, ina kwafa ƙananan fayiloli kai tsaye, jinkirin ya fi na da muni ƙwarai.

Malam Isiyaku:
To, matsala ta farko ta warware: ko ka sabunta manhajar cikin na'urar idan kamfanin ya fitar da sabuwa, ko ka zauna a kan faifan da ta sani. Ni da na zaɓi na biyu, domin sabuntawar da ta katse tana iya kashe na'urar gaba ɗaya.

Ta biyun kuwa a nan ne tsarin kwamfutar ke da hannu. DVD yana rubutu ne a dunƙule, kilobait 32 a lokaci guda, don haka sauya ɗan abu kaɗan yana tilasta a karanto dunƙulen, a gyara shi, a sake rubuta shi, ga kuma kai-komon da na'urar ke yi tsakanin fayil da wurin da UDF ke ajiye bayanansa. Haka kuma sabon DVD+RW yana ci gaba da tsara kansa a ɓoye yayin da kake aiki. Ka tara fayilolin wuri ɗaya, ka bar growisofs ya rubuta su a zubi ɗaya, sannan ka kwatanta lokacin da na kwafar kai tsaye.